Sana'ar da Aka Ce Babu Ita

A shekarar 1957 wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra ya je ofishin ɗaurin aure a birnin Amsadam, shi da amaryarsa Ria. Da aka zo gurbin sana'a a takarda, ya ce shi mai rubuta wa kwamfuta umarni ne. Ma'aikatan suka ce ba su san da wannan sana'a ba, ya faɗi wata. Dole ya koma ga abin da ya karanto a jami'ar Leiden, aka rubuta masa masanin fiziks. Alhali shekara guda kafin nan, wannan marar sana'a ya riga ya ƙago dabarar da dubban mutane suke cin abinci da ita yau: yadda na'ura za ta gano hanya mafi kusa tsakanin wuri da wuri.

Yadda abin ya faru ma kamar wasa. Cibiyar lissafin da yake wa aiki ta ƙera sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, ana neman abin da za a nuna wa baƙi ranar buɗe ta, wanda ko mutumin da bai san lissafi ba zai gane. Wata safiya a 1956 sun fita sayayya da Ria, suka gaji, suka zauna shan kofi. A nan, cikin kamar minti ashirin, ba fensir ba takarda, ya warware tambayar: daga Rotterdam zuwa Groningen, ina ne ya fi kusa? Garuruwa 64 ya sa a taswirar gwajin. Bai ma buga dabarar ba sai 1959, a wata mujallar lissafi, kuma shafi uku ne kacal.

Shi ya yi ba fensir. Kai da za ka koya, sayi fensir, ka haɗa da magogi, don shi ne zai fi shan wuya.

Darasin farko a wannan sana'a shi ne ka rage duniya. Gari mai ƙura da hayaniya da 'yan adaidaita sahu, duk ka mayar da shi ɗigo da zare. Kowace mahaɗa ɗigo ce, kowane titi zare ne, kuma kowane zare ana rataya masa lamba da ake kira nauyi. Wannan zanen shi ne giraf a bakin masu harkar. A ce daga gida kake son zuwa kasuwa. Gida zuwa masallaci minti 4 ne, gida zuwa gidan mai kai tsaye minti 10. Masallaci zuwa gidan mai minti 3, masallaci zuwa kasuwa minti 12, gidan mai zuwa kasuwa minti 5. Ka rubuta sifili a kan gida. Ka leƙa maƙwabtansa, ka sa wa masallaci 4, gidan mai 10, amma da fensir. Yanzu a cikin waɗanda ba ka kammala ba, ɗauki mai ƙaramar lamba, wato masallaci, ka bi lambarsa da biro: ta zauna, ba mai taɓa ta kuma. Daga masallaci ka sake leƙawa. Ashe gidan mai 7 ne idan aka biyo ta nan, sai ka goge 10. Kasuwa kuwa ta samu 16, da fensir. Mai ƙaramar lamba yanzu gidan mai ne, ka bi shi da biro, ka leƙa gaba: 7 da 5, sha biyu. Goge 16. Ka isa kasuwa a minti 12, ta hanyar da ta fi kowace yawan kwana.

Shi ke nan dabarar. Abin da yake ba ni sha'awa a cikinta shi ne kunyarta: ba ta yanke hukunci a kan wuri sai ta tabbata babu wata hanya da za ta zo daga baya ta ƙaryata ta. Ɗalibi yakan hardace ta a yini ɗaya, sannan ya shafe makonni kafin ya gane dalilin da ya sa biron ba ya kuskure. Dalilin kuwa shi ne tafiya ba ta mayar maka da lokaci, kowane taku ƙari yake yi. Ranar da aka sa wa wani zare nauyin da ya gaza sifili, biro ya fara ƙarya. Sai a koma ga dabarar Bellman da Ford, ita ma ta shekarun 1950, mai nawa amma ba ta ruɗewa. Da ita ake gano zagayen da ɗan canji yake mafarki: ka juya naira ta zama dala, dala ta zama sefa, sefa ta dawo naira da ƙari a kai. Akwai kuma ta Floyd da Warshall ta 1962, mai fitar da nisan kowane gari zuwa kowane gari a tashi ɗaya.

Aibin dabarar Dijkstra shi ne ba ta san gabas ba. Ka ce mata daga Kano za ka Maiduguri, sai ta bazu ta ko'ina kamar ruwan da aka zuba a daɓe, ta auna hanyar Katsina da ta Zariya kafin ta kai ka. A 1968 wasu mutum uku a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, Hart da Nilsson da Raphael, suna fama da wani mutum-mutumi mai suna Shakey da ake so ya zaga ɗaki ba tare da ya yi karo ba. Suka ƙara wa dabarar ƙiyasi: a riƙa fifita mahaɗar da ta fi fuskantar inda aka dosa. Sunanta A*, kuma ita ce take kora dodannin wasannin kwamfuta su biyo ka lungu-lungu. A 2008 kuma masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka fito da abin da kowane tsohon direba ya sani a jikinsa: mai doguwar tafiya lungu yake bari ya hau titi, ya bar titi ya hau babbar hanya. Suka sa na'ura ta jera mahaɗu bisa girmansu tun kafin a tambaye ta, har taswirar nahiya guda ta koma abin amsawa kafin ƙiftawar ido.

Ba mota kaɗai ake yi wa wannan aiki ba. Saƙon da ka tura ta intanet ma matafiyi ne, kuma na'urorin da suke miƙa shi hannu zuwa hannu a cikin manyan cibiyoyin sadarwa, masu bin tsarin OSPF, lissafin Dijkstra suke yi duk sa'ad da wata waya ta tsinke.

Amma in ka tambaye ni inda gwani ya bambanta da ɗan koyo, ba a hardar dabaru ba ne. Duk an rubuta su, suna nan kyauta. Gwaninta tana wajen nauyin nan da ake rataya wa zare. Me za a auna? Kilomita, ko minti, ko man da za a ƙona, ko kuɗin shinge? Motar asibiti minti take ƙirgawa. Tirela tana son a tambayi gada ko za ta ɗauke ta. Mai tafiyar dare kuma tuni Bahaushe ya ba shi nasa ma'aunin, hanyar lafiya a bi ta da shekara, sai dai wani ne zai zauna ya mayar da lafiyar nan lamba. Na'ura ba ta musu. Abin da aka ba ta shi take tarawa. Shi ya sa rabin aikin ba a gaban allo yake ba. Yana wajen masu sa kai irin na OpenStreetMap, da suke bin hoton tauraron ɗan'adam suna zana titi, suna rubuta wanne ne kwalta, wanne ne burji, wanne ne damina take cinyewa.

Wata Juma'a na bi taswirar wayata zan kai wani ɗan'uwa tasha. Ta ce minti tara, ta karkatar da ni wani titi da ta ga babu cunkoso. Babu ɗin kuwa, domin an gitta benci an shimfiɗa tabarmi, liman ya kusa hawa mumbari. Lissafinta daidai yake, ba wanda ya gaya mata cewa ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a nauyin wannan zaren ba shi da iyaka. Muka kashe mota, muka nemi buta. Bayan an sallame wani ɗan acaɓa ya ce mu biyo shi ta bayan makabarta, muka tarar motar ɗan'uwana saura mutum biyu ta cika.