Suna da Hannu da Jari: Matsalolin Tsofaffin Kamfanonin Jita da Darasinsu ga Masu Garaya a Kudancin Kano

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda tsofaffin kamfanonin ƙera jita na ƙasar Amurka suka faɗa cikin matsalar kuɗi da ta shugabanci, sa'an nan a auna abin da ya same su da halin da masu haɗa kayan kiɗa na tsirkiya suke ciki a kudancin Jihar Kano, watau ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Jita dai 'yar'uwar garaya ce da molo da gurmi, sai dai ita tsirkiyarta shida. Wani zai ce, me ya haɗa kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata da mutumin da duk jarinsa bai wuce gizago da wuƙa da fatar akuya ba? Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu gidan sana'a ne, kowane gidan sana'a kuwa a kan duwatsu uku yake girke kamar tukunya a murhu: da suna, da hannun gwani, da jari. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Kamfanin Fender

Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Jihar Kalifoniya, ya kafa kamfaninsa a 1946, ya yi suna wajen ƙera jita mai amfani da lantarki. A 1965 ya sayar da shi ga kamfanin watsa labarai na CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu gida mutanen lissafi ne, abin da suka sa gaba shi ne a yawaita kaya, a rage abin da ake kashewa. Ba a daɗe ba makaɗa suka fara kukan cewa aiki ya sake, har ta kai tsohuwar jitar da aka ƙera kafin 1965 ta fi sabuwa daraja a kasuwa. Ana cikin haka sai ga kamfanonin Japan da kaya masu kyau da araha. A 1985 CBS ya gaji, ya sayar wa wasu ma'aikatan kamfanin, a ƙarƙashin jagorancin William Schultz, a kan dala miliyan 12.5. Watau bayan shekara 20 an sayar ƙasa da yadda aka saya, kuma tsohuwar masana'antar ba ta cikin cinikin. Sai da suka dogara ga jitar da ake ƙera musu a Japan kafin su buɗe sabuwar masana'anta, su farfaɗo da sunan.

Kamfanin Gibson

An kafa Gibson a 1902 a garin Kalamazu. A 1969 ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa waɗanda suka saba da harkar giya da siminti, aka sake yin irin kukan da aka yi a Fender. A 1984 aka rufe masana'antar Kalamazu aka tattara aiki a Nashbil, wasu tsofaffin gwanaye suka ƙi tashi, suka kafa nasu kamfani a cikin tsohon ginin. A 1986 Henry Juszkiewicz da abokansa biyu suka sayi Gibson yana gab da mutuwa a kan dala miliyan 5, suka kuma tashe shi. Amma wanda ya ceci gidan shi ne daga baya ya kai shi bakin rami. Ya ci bashi ya yi ta sayen kamfanonin kayan sauti, babba daga cikinsu shi ne sashen da ya saya daga Philips a 2014 a kan dala miliyan 135. A 2015 aka sa wa yawancin sababbin jita wata na'ura mai ɗaure tsirkiya da kanta, aka kuma ƙara farashi, alhali makaɗa ba su nema ba. A watan Mayu na 2018 Gibson ya nemi kotu ta yi masa tsakani da masu binsa bashi, bashin kuwa ya kai wajen dala miliyan 500. Kafin shekarar ta fita masu bin bashin sun karɓe kamfanin, sun naɗa sababbin shugabanni, an yar da harkar kayan sauti, an koma ƙera jita.

Kamfanin Martin

Shi wannan ya girme su duka, domin wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, ya kafa shi a 1833, kuma bai taɓa fita daga hannun zuriyarsa ba. Duk da haka bai tsira ba. Daga 1970, lokacin da kasuwa ke ci, ya sayi kamfanonin ganguna da na tsirkiya da wani kamfanin jita a Suwidin. A 1977 ma'aikata suka yi yajin aiki na watanni. Gidan da ya ƙera jita sama da 22,000 a 1971 ya koma ƙera ɗan abin da ya ɗara 3,000 a 1982. Abin da ya fid da shi shi ne, an rabu da yawancin waɗancan kamfanoni, sa'an nan a 1986 ragama ta koma hannun magaji na shida, wanda ya tashi cikin sana'ar, ya san itace, ya san ma'aikata.

Tushen Matsalar

In an duba waɗannan labarai uku za a ga abubuwa huɗu suna maimaituwa. Na farko, raba jari da hannu, watau mai riƙe da jaka ya zama bai san aikin ba, ko kuma ya daina sauraron waɗanda suka sani. Na biyu, cin bashi don shiga sana'ar da ba ta gado ba. Bahaushe kuwa ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Na uku, maganar magaji, domin suna yakan daɗe bayan mai shi, amma ba ya riƙe kansa. Na huɗu, itace. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka sun shiga masana'antun Gibson bincike a kan katakon da aka shigo da shi daga Madagaska da Indiya, wani baƙi dangin kanya, wani ja irin madobiya, a 2012 kamfanin ya biya tarar dala 300,000. Ita kanta madobiya ta ƙasar nan, saboda yawan sarar ta da aka yi ana kaiwa ƙasar Sin, a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu.

Halin da Ake Ciki a Kudancin Kano

Kudancin Kano ƙasar daji ce da duwatsu. Dajin Falgore ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, ga duwatsun Riruwai, ga kuma ƙauyukan Maguzawa a warwatse har zuwa Kiru da Bebeji. A irin wannan ƙasa garaya take da gindi, domin ita ce abin kiɗan maharba da 'yan bori, ana raka ta da buta. A nan babu kamfani, gida shi ne kamfani. Masassaƙi ya fafe itace, ko a samo ƙwarya ko duma, majemi ya ba da fata, shi kuwa makaɗi da kansa yake rufewa, ya ɗaura tsirkiya, ya daidaita murya. Mai goge yana bukatar fatar guza ko ta damo, da izgar doki, da ƙaro. Ilmin duk a ka yake da hannu, daga uba zuwa ɗa, ko daga maigida zuwa yaronsa.

Cutar da ta kama kamfanonin Amurka ita ce a nan, sai dai ta ɓullo ta ɗaya gefen. A can jari ne ya danne hannu. A nan akwai hannu, jarin ne babu. Makaɗi ba shi da farashi, kyauta yake samu, abin da ya samu yau kuwa shi ne cefanen gobe, ba a ware na sayen fata, balle na riƙe almajiri. Muddin iyayen gida suna nan, wannan tsari yana tafiya daidai. To, amma daga wajen 1990 fiyano ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano tare da finafinan Hausa, mutum ɗaya ya riƙa fitar da sautin da a da sai an tara makaɗa biyar. Masu biki suka koma hayar lasifika. Bayan ƙaddamar da shari'a a Jihar Kano a 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, da Hukumar Hisba a 2003, wasan bori da taron goge suka ƙara ja da baya. Daji kuma ya ja baya saboda noma da gawayi, gada da guza suka yi wuya, ga dokar hana farauta a cikin gandun. Yaron da ya ga ubansa yana fama haka, in ya sami noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ko ya sami hanyar birni, da wuya ya zauna koyon ɗaurin tsirkiya. Gidan da ya rasa magaji kuwa ba kotun da za ta tashe shi, kuma ba mai saye, domin ba a rubuta kome ba.

Wannan ba ya nufin sana'ar ba ta karɓar sabon abu. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, makaɗa da yawa kuma sun daɗe da komawa tsirkiyar roba. Gurmi ma, a hannun Haruna Uji, ya shiga rediyo da kaset bai rasa muryarsa ba. Bambancin waɗannan da na'urar Gibson ta 2015 shi ne, su daga hannun makaɗi suka fito, kunnensa ya gwada ya yarda, ita kuwa daga ofis aka sauko da ita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da aiki iri biyu. Ga ɗalibai, ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka buga a 1971 ya haura shekara 50, ya kamata a koma Kiru da Doguwa a rubuta sunan kowane sashe na garaya, da itacen da ake fafewa, da yadda ake jiƙa fata a ɗame ta, tun masu sanin suna da rai. Ga ma'aikatan gwamnati, taimakon da ya dace ba rance mai yawa ba ne, domin an ga abin da bashi ya yi wa Gibson. Abin da ya fi shi ne a zama masu saye: makarantu da Hukumar Tarihi da Al'adu su riƙa ba da aikin haɗa kayan kiɗa a kan farashi sananne, a biya gwani ladan koyar da yaro, ma'aikatan gandun daji kuma su ware wa masassaƙa itace bisa ƙa'ida tare da dasa madadinsa. Amma zaɓen itace da fata da murya a bar wa mai sana'a. Fender da Gibson da Martin duk sun tashi bayan faɗuwa ne saboda ko da jari ya lalace, akwai sauran masu hannu a raye. Wannan dama ita ce har yanzu ba ta kuɓuce wa kudancin Kano ba, ko da yake masu ita suna ta tsufa.