Ɗaliban Jami'a Da Ke Shiga Daji Koyon Ilmin Dattawa

'Yan'uwa manoma, sau da yawa in muna zagayen ƙungiyoyinmu mukan ji dattawa suna cewa, "Mu da ba mu yi boko ba, me muka sani?" To, ga wani labari daga Amurka da muke so a karanta a taron ƙungiya, a kuma tattauna a kansa.

A garin Syracuse cikin jihar New York akwai wata kwalejin jami'a ta aikin daji da kiyaye ƙasa. Lokacin dogon hutu, wajen watannin Yuni da Yuli, sa'ad da mu nan muke fama da noman fari, akan kwashi ɗalibanta zuwa wani sansani a bakin tafkin Cranberry, cikin duwatsun Adirondack. Mota ba ta zuwa wurin, sai jirgin ruwa. A can suke koyon ikoloji, watau ilmin yadda ƙasa da ruwa da tsire-tsire da dabbobi suke dogara da juna.

Cikin malaman da suka koyar a sansanin akwai Farfesa Robin Wall Kimmerer, masaniyar tsire-tsire, 'yar kabilar Potawatomi, ɗaya daga cikin kabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Ita takan haɗa ilmin littafi da na kakanninta. Ɗalibanta sukan gina bukka da hannunsu, su shiga fadama su ciro irin ciyawar nan da mutanen Haɗeja ke kira kacalla, su saƙa tabarma da ganyenta, su gasa saiwarta su ci.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wani gwaji da ta ba da labarinsa cikin littafinta mai suna Braiding Sweetgrass, na shekarar 2013. Akwai wata ciyawa mai ƙanshi da 'yan asalin ƙasar ke saƙa kwanduna da ita. Masu saƙar suka ga tana ɓacewa a wasu wurare, suka nemi a bincika. Koyarwar kakanninsu kuwa ita ce, in ana ɗibar ciyawar bisa ƙa'ida, ba a wuce rabi ba, za ta zauna, in an yi banza da ita sai ta tafi. Wasu manyan malaman kwalejin suka raina maganar, gama a ganinsu kowa ya san ɗiba ragewa take yi. Wata ɗaliba ta yanka fili kashi-kashi. Wani kashi ta riƙa tumɓuke rabin ciyawar, wani ta riƙa tsinke rabi, wani kuma ta bar shi ba ta taɓa ba. Ta yi shekara biyu tana ƙirga tsiro tana aunawa. Daga ƙarshe inda aka ɗiba ya yi toho sosai, inda aka bari kuwa busasshen ganye ya danne shi, ya koma baya. Dalili shi ne ɗiba tana buɗe wa sabon toho hanyar samun rana.

A lura fa, ɗalibar ba ta karɓi maganar don ta dattawa ce kawai ba, sai da ta auna. Amma da ba ta saurare su ba, da ba ta san abin da za ta auna ba.

Irin wannan ya faru a ƙasarmu. Kabilun can suna shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya, kamar yadda muke haɗa gero da dawa da wake. A da malaman gona sun sha cewa wannan rashin sani ne, a shuka iri ɗaya tak a kowace gona. A shekarun 1966 da 1967 David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi kusa da Zariya, suna rubuta aikinsu da amfanin da suka samu. Suka tarar haɗa iri ya fi kawo riba a kowace eka, kuma in ruwa ya ɗauke ba a rasa duka. Mu malaman gona ya kamata mu riƙa tunawa da wannan kafin mu buɗe baki a gonar wani.

Saboda haka in ɗaliban jami'a ko na kwalejin aikin gona suka zo ƙauyenku da damina, kada a bar su da samari masu jin Turanci kaɗai. A haɗa su da dattijon da ya san inda jigawa ta ƙare fadama ta soma, da wanda zai nuna musu dalilin da gero ke yin kyau a gindin gawo, da tsohuwar da ta san ganyen da ake ci lokacin yunwa. Magatakardan ƙungiya ya rubuta sunan makarantarsu da na malaminsu, a kuma yi alkawari da su tun ranar farko cewa za su komo su faɗi abin da suka gano, da Hausa, a gaban taro. 'Ya'yanmu da ke hutu a gida su ma su bi su da littafin rubutu.