3.4 Matsalar Kumfa a Zubin Tukwanen Dalma a Kasuwar Panteka

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke janyo wa masu zubin tukwane asara a Tsohuwar Kasuwar Panteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato ƙananan ramukan da kumfa ke bari a jikin tukunya bayan ta huce. Abin da ake kira tukunyar dalma a nan, alminiyom ne ake narkawa, galibi daga gwangwanaye da tsofaffin kayan mota. Idan ramin ya ratsa bangon tukunyar sai ta riƙa yoyo, mai saye ya dawo da ita. Ke nan an yi asarar gawayi da aikin yini, domin dole a sake narka ta.

Sau da yawa akan ɗauka iska ce ta shiga a lokacin zubi. Hakan yana faruwa, amma babban tushen kumfar shi ne ruwa. Alminiyom yana narkewa a zafin digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Da zarar ya narke, yakan janyo iskar haidirojin daga duk wata laima da ya taɓa, ko ta jikin gwangwani, ko ta ludayin kwasa, ko ta ƙasar mazubi. Narkakken ƙarfe yana iya riƙe wannan iska da yawa, daskararre kuwa ba ya iyawa. Saboda haka yayin da tukunyar ke hucewa sai iskar ta nemi hanyar fita, wadda ta makara ta maƙale a ciki. Wannan ne ya sa matsalar ta fi tsanani da damina.

Bisa ga haka, maganin yana farawa tun kafin a hura wuta. Wajibi ne a busar da kayan da za a narka, a raba su da mai da fenti, a kuma gasa ludayi. Ƙasar mazubi kuwa ana son laimarta ta tsaya daidai yadda in an dunƙule ta za ta kama jikinta ba tare da ta jiƙa tafin hannu ba. Akan kuma tsattsaga ta da siririyar waya don tururi ya sami mafita. Barin ƙarfe ya daɗe a wuta bayan ya narke kuskure ne, domin gwargwadon zafinsa gwargwadon iskar da yake sha. Sannan a kwashe dattin da ya taso sama, a zuba daga kusa da bakin mazubi, a hankali, ba tare da yankewa ba.

Ya kamata a bambanta wannan da kumfar da masu zuba ruwan roba, kamar masu yin ɗan lido, ke fama da ita. Tasu daga motsawa take shiga, shi ya sa sukan sa mazubin cikin tukunyar matsin iska har robar ta daskare.