Shirin Musamman: Lissafin Hanya Mafi Kusa a Tsakanin Magudanan Jazira

Shirin musamman na wannan mako ya duba wani reshe na ilimin lissafi da kwamfuta wanda ke amsa tambaya guda, wato wace hanya ce mafi sauƙi tsakanin wuri da wuri idan hanyoyin suna da yawa. Shirin ya ɗauki misalansa daga Wad Haddad, garin yankin Jazira da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu a kan titin da ya haɗa Wad Madani da Sinnar, a yankin da Hausawa suka daɗe da kafa ƙauyuka, musamman tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso da jama'arsa ya zauna kusa da Sinnar.

Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, kusan babu dutse babu tudu, ta yadda baƙo zai zaci duk inda ya hango zai iya miƙewa ya isa, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka ja babbar magudana zuwa arewa, daga cikinta aka fitar da manyan rassa da ƙanana, waɗanda mutanen yankin ke kira tur'a, har zuwa kwalbatin Abu Ishirin da ke shayar da fili mai fadan 90 (fadan ma'aunin faɗin gona ne), da Abu Sitta da ke shiga cikin hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi. Bayan an ƙara yankin Manakil, filin noman ya zarce fadan miliyan 2. Wannan saƙa ta ruwa ita ce ke yanke wa matafiyi hukunci, domin lori ko karo, wato amalanke, ba ya tsallake tur'a sai ta kan gada, saboda haka ƙauyen da ake hango bishiyoyinsa yana iya zama tafiyar awa guda idan gadarsa tana nesa.

Masana lissafi suna mayar da irin wannan ƙasa zanen mahaɗai, wato zane mai abubuwa biyu kacal: ɗigo, wanda ke wakiltar ƙauye ko gada ko kasuwa, da layi, wanda ke wakiltar hanyar da ta haɗa ɗigo biyu. A kan kowane layi ana rubuta adadi da ake kira nauyi, wanda zai iya zama kilomita ko mintoci ko kuɗin mai, gwargwadon abin da ake son a rage. Asalin wannan tunani yana komawa ga Leonhard Euler, wanda a 1736 ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Konigsberg, ya nuna cewa abin lura shi ne wane wuri ke haɗe da wane, siffar ƙasar kuwa ana iya ajiye ta gefe.

Fitacciyar dabarar warware matsalar ita ce ta Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, wanda ya tsara ta a Amsterdam a 1956 domin gwada wata kwamfuta mai suna ARMAC a kan taswirar garuruwa 64 na ƙasarsa, sannan ya wallafa ta a 1959. Irin wannan dabara ana kiranta algoridim, wato jerin matakai tabbatattu waɗanda duk wanda ya bi su, mutum ne ko na'ura, zai kai ga amsa ɗaya. Matakan su ne a ba wurin tashi sifili, a rubuta wa maƙwabtansa kiyasin wucin gadi, a zaɓi wanda kiyasinsa ya fi ƙanƙanta a tabbatar da shi, sannan daga gare shi a sake duba maƙwabta ko an samu ragi, a yi ta maimaitawa har a tabbatar da wurin da aka nufa. Tafiyar lissafin ta yi kama da ruwan da aka saki a kwalbati, wanda yake cika na kusa kafin ya kai na nesa.

A ƙaddara, domin misali kawai, cewa mai karo zai kai buhunan gyaɗa daga ƙauyensu zuwa kasuwar Wad Haddad, kuma gabansa akwai gadoji biyu. Zuwa gada ta farko minti 20 ne, zuwa ta biyu kai tsaye minti 35, tsakanin gadojin biyu ta bakin tur'a minti 10. Daga ta farko zuwa kwalta minti 40, daga ta biyu minti 15, daga kwalta zuwa kasuwa kuma minti 10. Lissafin zai fara tabbatar da gada ta farko a kan 20, tun da ita ce mafi ƙanƙanta, kuma daga nan zai ga cewa ana isa gada ta biyu a minti 30, sai ya goge 35 ya rubuta 30, ya kuma rubuta wa kwalta 60 na wucin gadi. Da ya tabbatar da gada ta biyu sai 60 ɗin ta sauko zuwa 45, kasuwa kuma ta tsaya a 55. Wannan gogewa da sake rubutawa ita ce zuciyar dabarar, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sukan yi gaggawar tabbatar da adadin farko da suka gani, shi ya sa malami mai hikima yakan sa su yi aikin da alli a kan allo, da taswirar ƙauyukansu, kafin su taɓa kwamfuta.

Hujjar ingancin dabarar gajeriya ce: idan babu layin da nauyinsa ya gaza sifili, duk wani zagaye ƙari yake yi, don haka ɗigon da ya fi kowa ƙaramin kiyasi ba za a same shi da rahusa ta wata hanya ba. Idan kuwa akwai nauyi ƙasa da sifili, kamar direban lori da wani zango ke ba shi lodin da kuɗinsa ya fi na man da ya ƙona, sai a koma ga dabarar Bellman da Ford, wadda ta fi jinkiri amma tana jure hakan. Dabarar Floyd da Warshall ta 1962 tana fitar da tazara tsakanin kowane wuri da kowane wuri a teburi guda, ita kuwa wadda ake kira A mai tauraro, da aka ƙirƙira a Amurka a 1968 domin wani mutum-mutumi mai suna Shakey, tana amfani da kiyasin tazarar da ta rage don kada ta ɓata lokaci a kan hanyoyin da suka juya wa manufa baya. Jikokin waɗannan dabaru ne ke aiki a manhajar Google Maps, da kuma cikin na'urorin da ke zaɓa wa saƙon intanet hanya.

Sai dai wahalar gaske, a ganin wannan shiri, tana cikin adadin da ake ba lissafin, kuma Jazira ta fi ko'ina nuna hakan. Ƙasarta baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda da zarar ruwan damina ya sauka, tsakanin Yuli da Satumba, take zama taɓo mai danƙo da ke riƙe ƙafar jaki da tayar mota. Idan a misalin da ya gabata bakin tur'a ya jiƙe har minti 10 ya koma 50, amsar gaba ɗaya ta sauya, domin yanzu miƙewa zuwa gada ta biyu ya fi, kuma kasuwa ta koma minti 60. Taswirar waya, wadda sau da yawa ba ta ma ɗauke da hanyoyin cikin gonaki, ba ta da labarin wannan ruwa, kamar yadda ba ta san gadar da ta karye ko shingen da aka kafa jiya ba, abin da mutanen yankin suka ɗanɗana sosai bayan yaƙi ya iso Wad Madani a Disambar 2023 kuma manyan tituna suka daina biyuwa. Mahajjatan da suka ratso Barno da Wadai da Darfur ma da rijiyoyi da aminci suke auna zango, ba da tsawonsa kaɗai ba.

Saboda haka aikin da ke gaban ɗalibin lissafi da kwamfuta, a Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ko a wata makaranta, ya haɗa da zama da direbobin lori da masu karo da masu gadin ƙofofin ruwa, ya tattara lokacin da kowane zango ke ci da rani da kuma da damina, ya ajiye teburi biyu a kan zane ɗaya. Da irin wannan teburi ake iya tsara kwasar auduga zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa, ko a zaɓi hanyar motar asibiti mai ɗauke da mace mai naƙuda, ko a gwada a takarda wace tur'a ce sabuwar gada a kanta za ta rage wa ƙauyuka mafi yawa tafiya, ta hanyar ƙara layi ɗaya a zanen a sake lissafin daga farko.