Haƙƙin Tsohon Kare A Kanmu Idan Ya Rame Ya Ƙi Cin Abinci

Da yawanmu mun san irin wannan karen. Shekara tara ko goma ke nan yana kwana a bakin garke ko a ƙofar gida. Haushinsa ya sha tashin mu cikin dare lokacin da ɓarawo ya zo kwance akuya, shi ne kuma ke raka yara kiwo ya dawo tare da su. Sai ga shi yau an zuba masa sauran tuwon dare a kaskonsa, ya zo ya sansana, ya juya ya koma inuwa ya kwanta. Gobe ma haka. Kafin mako biyu haƙarƙarinsa sun fito har ana iya ƙirga su daga nesa, ƙugunsa ya koma ƙashi da fata. Abin da aka saba ji a gida shi ne, “Ai tsufa ne, a ƙyale shi, kwanansa ne ya ƙare.” Wani ma yakan ba da shawarar a kai shi daji a yar, a samo ɗan kwikwiyo.

Wannan magana ta ƙunshi kuskure biyu. Na farko ya shafi addini, domin haƙƙin dabba a kan mai ita ba ya faɗuwa don amfaninta ya ƙare. Na biyu ya shafi sanin lafiyar dabbobi, domin tsufa shi kaɗai ba ya hana kare cin abinci; kusan kullum akwai wata cuta ko wani ciwo da ke ɓoye, kuma da dama daga cikinsu suna jin magani.

Abin da Shari'a ta ɗora mana

Hadisai ingantattu da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun yi rangwamen ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata. An ruwaito a littattafan Malikiyya cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa. To, duk wanda ya karɓi wannan rangwame ya ɗauki nauyin da ke tare da shi. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ciyar da dabba da shayar da ita wajibi ne a kan mai ita.

Shaihi Izzuddin ibn Abdissalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, kuma abin da ya fara ambata shi ne ciyar da su gwargwadon yadda ake ciyar da irinsu, ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da su. Mun kuma san labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa, da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Kare na farko baƙo ne ga mutumin, bai taɓa yi masa gadi ba. Ina ga wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙofar gidanmu?

Me ke hana shi ci?

Likitocin dabbobi suna lissafa yawancin karnuka a cikin tsofaffi daga wajen shekara 7 zuwa sama, manya-manya kuma sun fi ƙanana saurin tsufa. Wurin farko da ake zargi shi ne baki. Babban kare yana da haƙora 42, kuma da shekaru sun ja, datti yakan daskare a jikinsu, dasashi ya kumbura, wani haƙorin ya ruɓe ko ya karye. Irin wannan karen yana jin yunwa, yakan zo gun abinci da ɗoki, amma da ya ɗauki loma sai ya sake ta, ko ya riƙa tauna da gefe ɗaya, bakinsa kuma yana wari.

Na biyu cututtukan cikin jiki ne: ciwon ƙoda, ciwon hanta, ciwon zuciya, ciwon suga da ciwon daji. Kare mai ciwon ƙoda yakan sha ruwa da yawa, ya yawaita fitsari, zuciyarsa na tashi, don haka yake kau da kai daga abinci. Tsohuwar karya da ta ƙi ci 'yan makonni bayan lokacin barbararta, tana yawan shan ruwa, wani lokaci mugunya na fita daga gabanta, mai yiwuwa mahaifarta ce ta cika da mugunya, wannan kuwa ba ya jiran gobe.

Na uku, wanda ya fi yawa a ƙasarmu, shi ne ƙwari da tsutsotsi. Kaska tana sa wa kare cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini. Tsutsar ciki, musamman mai maƙalewa a hanji tana shan jini, tana ramar da shi a hankali. A yankunan da ke da ƙudan tsando, kare ma yana kamuwa da sammore kamar shanu. Sai kuma ciwon gaɓɓai, wanda ke sa sunkuyawa ga kasko ta zama wahala, da raguwar jin ƙamshi, da ƙaramin kare mai ƙarfi da ke ture tsoho daga abinci ba tare da mun lura ba.

Kafin a taɓa shi

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba ya gabaci komai. Idan karen da ya ƙi ci ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, muryarsa ta canza, ko yana kai cizo ga abin da bai saba ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashin da ya maƙale. Waɗannan alamu ne na ciwon haukan kare, kuma akwai nau'insa da ba ya zuwa da faɗa, sai shanyewar jiki. A killace shi nesa da yara, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Wanda aka ciza ko aka yakushe ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar domin allura.

Idan babu waɗannan alamu, sai a duba shi cikin natsuwa. A ɗaga leɓensa a kalli dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai danshi, idan ya yi fari, jini ya yi ƙaranci, idan ya yi rawaya, a zargi hanta ko cutar kaska, idan ya bushe yana danƙo, ruwan jiki ya ragu. A duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. A lura da kashinsa da fitsarinsa, da ko yana amai.

Lokacin zuwa wurin likita

Tsohon kare da ya rame, idan ya cika kwana ɗaya zuwa biyu bai ci komai ba, lokacin likita ya yi. Idan kuwa ya daina shan ruwa, ko yana ta amai, ko kashinsa ya yi baƙi ko ya haɗu da jini, ko ya kasa tashi, to a ranar za a kai shi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan, raguwar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kuma alama ce da likitoci ba sa wasa da ita. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Gwajin jini da na kashi yakan bayyana abin da ido bai gani ba, kuma sau da yawa maganin tsutsa, ko na cutar kaska, ko cire ruɓaɓɓen haƙori shi ke dawo da kare ga kaskonsa.

Yadda za a ciyar da shi

Ruwa ne farko. Kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 15 zai sha abin da ya kusa lita ɗaya, fiye da haka a lokacin bazara. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa, kusa da makwancinsa.

Abinci kuma ya zama mai laushi, mai ɗumi, mai ƙamshi. Dafaffiyar shinkafa da ta yi luguf tare da naman kaza da aka cire wa ƙashi da fata, dafaffen ƙwai, kifin da aka tsince wa ƙaya, ɗan dankali ko kabewa da aka dafa aka murƙushe, duk suna shiga cikin sauƙi. A jiƙa su da romon da aka ɗiba kafin a sa gishiri da albasa da yaji. Ɗumin abinci yana tayar da ƙamshinsa, shi kuwa kare hancinsa ne ke kai shi ga ci. A ɗora kaskon a kan bulo idan sunkuyawa na ba shi wahala, a ware shi daga sauran karnuka da kaji, a kuma bar wanda ya fi sabawa da shi a gidan ya kai masa.

Kada tausayi ya sa mu cika masa kasko a rana ɗaya. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka ɗura masa abinci da yawa farat ɗaya, wasu sinadaran jini kamar fosfaras da fotasiyam sukan faɗi ƙasa, abin da kan taɓa zuciya har ya kai ga mutuwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ba shi kashi ɗaya cikin uku na abincinsa a ranar farko, kashi biyu cikin uku a rana ta biyu, sannan cikakke a ta uku, a rarraba sau huɗu zuwa shida a yini. Kada kuma a danne shi a yi masa ɗura, domin abinci na iya wucewa huhu. Idan gwaji ya nuna ciwon ƙoda ne, likita ne zai tsara yawan naman da zai ci.

Sauran miyarmu ba ta dace da marar lafiyar kare ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Cakulan da goro da kofi guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi yakan tsage ya huda hanji, kitse mai yawa yakan tayar da amai da ciwon ciki mai tsanani, madara kuma tana sa karnuka da dama zawo. Haka nan kada a ba shi magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac da farasitamol. Abin da ke sauƙaƙa mana ciwon kai yana iya huda masa ciki ko ya lalata masa hanta.

Batun tsarki

Wasu sukan ja baya daga jinyar kare saboda tsoron najasa. A mazhabar Imam Malik, wadda akasarinmu ke bi, kare mai rai jikinsa da miyansa masu tsarki ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta kuwa bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasarsa, amma ko a wurinsu wankewa ce ke gusar da ita, babu wanda ya ce a bar dabba ta mutu da yunwa saboda haka. A ware masa kaskonsa da mazubin ruwansa, makwancinsa ya kasance a waje nesa da ɗakuna da wurin salla, a shimfiɗa masa tsohon buhu saboda ƙasusuwansa, mai jinyarsa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

Idan cuta ta gagara

Ba kowace jinya ce ke ƙarewa da waraka ba. Idan likita ya tabbatar babu sauran fata, kuma azaba ta yi wa dabbar yawa, malaman Malikiyya sun halatta hutar da dabbar da ba a cin namanta matuƙar an yanke ƙauna daga rayuwarta. Wannan hukunci ne da za a yanke tare da likita, a kuma aiwatar da shi ta hanya mafi sauƙi. Zuba masa guba, ko ɗaure shi a daji, ko barin yara su jefe shi, zalunci ne da za a tambaye mu a kansa.

Yaranmu suna kallon yadda muke yi da wanda ƙarfinsa ya ƙare, kuma daga nan suke ɗaukar darasi. Saboda haka yau da daddare, idan an kai masa abinci, mu tsaya mu ga ko ya ci. Idan bai ci ba, gobe da safe mu nemi likita. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya yafe mana abin da muka tauye na haƙƙin halittunsa. Allah ne Mafi sani.