Ƙaramin bashi: yadda mace take samun jarin sana'a

Mata da yawa sun iya sana'a, amma ba su da jari. Wata ta iya man gujiya da ƙuli-ƙuli, wata ta iya suyar ƙosai, wata kuma ta san kiwon awaki. Banki ba ya ba da bashi sai da jingina, kamar takardar gida ko ta gona, kuma matan karkara kaɗan ne suke da su. Saboda haka aka ƙirƙiro ƙaramin bashi, wanda ba ya buƙatar jingina.

Daga ina ya faro?

A shekarar 1976, a ƙasar Bangaladash, wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya ranta wa matalauta 42 dalar Amurka 27. Sun yi sana'a, sun biya. Daga nan bankin Grameen ya samo asali, kuma mafi yawan masu cin bashinsa mata ne.

A Nijar an bi wata hanya dabam. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. An gina shi bisa adashen da mata suka saba yi tun da. A wannan tsari babu kuɗin da ke zuwa daga waje. Matan ne suke tara kuɗinsu, su ranta wa junansu. Daga Maraɗi tsarin ya bazu cikin Nijar da ƙasashen Afirka da dama.

Yaya asusu yake aiki?

Mata kamar 20 zuwa 30 waɗanda suka san juna suke haɗuwa. Suna zaɓen shugaba, ma'aji da masu ƙirga kuɗi, su tsai da dokokinsu. Kowane mako kowacce tana zuba abin da aka amince. Ana ajiye kuɗin cikin akwati mai kwaɗo 3, makullan kuma suna hannun mata 3. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa.

Ga misali. Idan ku 25 ne, kowacce tana zuba dala 20 a mako, cikin mako 4 kun tara jikka 10. Wadda take bukata sai ta ranta, ta maido da ɗan ƙarin da kuka tsayar. Ƙarin yana zama cikin akwati. A ƙarshen shekara ana rabawa, kowacce ta karɓi abin da ta zuba tare da ribarta.

Kafin ki ci bashi, yi lissafi

Bashi ba kyauta ba ne. A ce kin ranci jikka 10 na wata guda, ƙarin kuma jikka 1 ne. Za ki maido jikka 11. Idan kin sayi gujiya, kin sayar da mai da ƙuli-ƙuli a jikka 14, ribarki jikka 3 ce. Amma sai kin cire kuɗin itace, na niƙa da na mota. Idan abin da ya rage bai kai ƙarin ba, wahala kika yi wa wani.

Ki kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Ki zaɓi sana'ar da kika iya, wadda ke da masu saye a garinku.
2. Ki fara da kaɗan. Idan kin biya, sai ki ƙara.
3. Kada ki sa kuɗin bashi cikin biki, suna ko sayen zane.
4. Ki raba jari da kuɗin cefane.
5. Kada ki ci sabon bashi don biyan tsoho.
6. Ki yi shawara da maigida, don ya san ranar biya, kada a taɓa jarin.

Me mace take samu?

Ƙaramin bashi shi kaɗai ba ya kawar da talauci. Binciken da aka wallafa a 2015 kan ƙasashe 6 ya nuna cewa yana taimaka wa masu sana'a su faɗaɗa ta, amma bai mai da yawancin iyalai masu arziki ba. Duk da haka amfaninsa a fili yake. Mace mai ɗan jari tana sayen magani idan yaro ya kwanta, tana sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, ba sai ta sayar da akuyarta da arha ba. Tana koyon magana a taro da riƙon amana. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu matan asusu sun zama kansaloli.

A farko, mata da ka suke riƙe lissafin asusu, don yawancinsu ba su iya rubutu ba. Ke da kike koyon karatu da lissafi, ki samu ɗan littafi. Ki rubuta abin da kika ranta, abin da kika kashe, abin da kika sayar, da ranar biya. Da shi za ki gane ko sana'arki tana ci gaba, kuma babu mai ruɗa ki a kan kuɗinki.