Shirin Musamman: Kwanson Harsashi da Wutar Maƙera

Yau shirin namu ya nufi yammacin Jihar Katsina, ƙasar Batsari da Safana, a bakin dajin Rugu.

Manomin da ke huɗa a wannan yanki ya san wani abu da garmar kakansa ba ta taɓa tonowa ba: kwanson harsashi. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, kamar harin Tsauwa da Dankar na watan Fabrairun 2020 inda aka kashe mutum 30, kwanso ya zama abin tsinta a gona da bakin hanya. Yara su cika aljihu da shi, 'yan gwangwan su saya a kilo.

Ɗauki ɗaya ka duba. Idan ka kanga masa maganaɗisu ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, irin wanda ake yawan yi wa harsashin AK-47 a Rasha da Sin. Idan ya ƙi mannewa, tagulla ce: kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, wato abin nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. To, kalli wuyansa. Sau da yawa za ka ga ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, ya bambanta da gindin. Ba datti ba ne. Shaidar wuta ce da aka nuna masa a masana'anta.

Me ya kawo wuta? Wannan tambaya ce da maƙeran fari, masu zobe da awarwaro da munduwa, za su amsa ba tare da sun buɗe littafi ba. Tagulla tana gajiya. Kana dukanta a kan uwar maƙera tana miƙewa tana ƙara tauri, har ta kai inda bugu ɗaya zai tsaga ta. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya bari a kai can. Da ya ji ta fara gardama a ƙarƙashin guduma, sai ya kama ta da awartaki ya mayar cikin gawayi, yaro ya ja zugazugi, ta yi laushi, a ci gaba da aiki. Abin da ke ba wa baƙo mamaki shi ne, ko an tsoma ta a ruwa da zafinta ba ta ƙara tauri. Ƙarfen lauje ko gatari kuwa, da wannan tsomawar ake ba shi ƙarfi. Shi ya sa maƙerin baƙi da na fari kowa da hannunsa, ko da rumfarsu ɗaya.

Turawan Ingila sai da suka sha wahala kafin su gane wannan gajiya ta tagulla. A zamanin da suke mulkin Indiya, idan damina ta sauka yaƙi ya tsaya, sojoji kan jibge akwatunan harsashi a bargar dawaki. Rani ya yi, a buɗe, a tarar da wuyan kwanso ya tsattsage, alhali ba a harba ko ɗaya ba. Aka daɗe ana ɗora wa yanayi laifi. Sai a 1921 masanan ƙarfe suka bayyana cewa warin fitsarin doki, mai sinadarin amoniya, shi ke cin tagullar da ta riga ta gaji wajen matse ta a masana'anta. Maganin da suka samo shi ne wanda maƙeri ke yi kullum: a gasa ta, ta saki jiki.

Amma fa a nan kamannin ya ƙare. Munduwa a gasa ta gaba ɗaya, ba komai. Kwanso kuwa dole gindinsa ya zauna da taurinsa, don shi ke tare ƙarfin albarushi. In ya yi laushi, fuskar mai harbi zai fashe wa. A Amurka akwai maharba da ke sake cika tsohon kwanso a gida, da ma'auni da na'urori, doka kuma ta yarje musu. Nijeriya ba haka take ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izini ba, aikin kuma yana hannun masana'antar makamai ta gwamnati, DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964. Ko da aka ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma na Jihar Katsina a 2023, ba a ce kowa ya buɗe maƙerar harsashi a zaurensa ba. Bindigar toka ta maharbanmu ma ba ta da kwanso. Ta baki ake ɗura ta.

Abin da ya fi damun wannan shiri shi ne buhun ɗan gwangwan. Cikin kwanso ɗari, ba wuya a samu guda da bai tashi ba, kansa na nan, albarushinsa na nan. Ya faɗa tukunyar mai narka ƙarfe, ko yaro ya jefa shi murhu don ya ji ƙara, tarwatsewa zai yi, ɓarɓashin ya nemi ido. Wanda ya tsinci irinsa kada ya buga shi da dutse, kada ya kai shi kusa da wuta. Ya sanar da mai unguwa, a miƙa wa 'yan sanda.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A huta lafiya.